Kada Ka Sare Itacen Da Yake Ciyar Da Kai

Karatu: Maimaitawar Shari'a 20:19-20, Farawa 2:8-15

Karatunmu na yau doka ce ta lokacin yaƙi. Ubangiji ya umarci Isra'ilawa cewa ko sun daɗe suna kewaye da birnin abokan gaba, ba su da izinin hallaka itatuwan da ake cin 'ya'yansu. Soja ne fa, takobi a hannu, aka hana shi taɓa itace. To, yaya kai da ni da muke sarewa don neman kuɗi?

Mu mutanen Birnin Gwari mun san yaƙi. Shekaru da yawa 'yan bindiga suka mamaye daji, manoma suka bar gonaki, hanyar Kaduna ta zama abin tsoro. A ƙarshen 2024 aka yi sulhu, aka sake buɗe kasuwar shanu, motoci suka dawo hanya. Mun gode wa Allah! Amma ka lura da kayan da wasu motocin suke ɗaukowa: buhunan gawayi da katako, tuli a kan tuli, ana kai su birane.

Ka san yadda ake gawayi. A kayar da ɗanyen itace, a daddatsa, a jera, a rufe da ciyawa da ƙasa, a sa wuta ta yi kwanaki tana ci. Itace mai yawa yakan shiga, gawayi kaɗan ya fito. Masu sana'ar kuwa sun fi son itace mai ƙarfi irin kaɗanya, domin gawayinta yana daɗewa a murhu. Ita kaɗanya takan kai shekara 15 zuwa 20 kafin ta fara 'ya'ya, injin sara kuma yakan kayar da ita kafin ka gama shan kunu. Ita ce take ba mata man kaɗe, kamar yadda ɗorawa take ba su kalwar daddawa. Da wannan ɗan ciniki gwauruwa take sa yaranta a makaranta. In itatuwa suka tafi, ruwan sama ya wanke ƙasar gona, zaizaya ta ci, rafi ya ƙafe tun kafin bazara.

Na taɓa jin wani ɗan'uwa ya tashi ba da shaida a sujada, ya ce Allah ya buɗe masa ƙofa, ya yi lodin gawayi mota uku cikin wata ɗaya. Jama'a suka ɗaga murya da Haleluya, har da ni. Da na koma gida Ruhu Mai Tsarki ya tambaye ni: inuwar wa aka sayar? Abincin wa aka ƙone? Na rasa amsa.

Ɗan'uwana, kasuwanci ba zunubi ba ne, Allah kuma yana so ka wadata. Na san yunwa, na san kuɗin makaranta ba ya jira. Amma aiki biyu aka ba Adamu a gonar Adnin, noma da tsaro, ba ɗaya ba. Tun 1936 aka keɓe dajin Kamuku, a 1999 ya zama gandun daji na ƙasa. In hukuma ta ga ya kamata a tsare shi, ashe ɗan Allah ne zai shiga da dare ya yi ɓarna? Zakka ba ta wanke ribar da aka samu ta hanyar cutar maƙwabci, kuma jikanka da ba a haifa ba tukuna maƙwabcinka ne.

Abin yi: In gawayi ko katako ne sana'arka, ka ƙudura yau ba za ka taɓa kaɗanya, ɗorawa ko tsamiya ba. Ka nemi busasshen itace. Ka bar toho ya girma a gonarka, ka dasa sabo da damina. In kai mai saye ne, ka tambayi inda kayan suka fito. In kunne ya ji, jiki ya tsira.

Addu'a: Ya Uba, ƙasa taka ce, ni mai riƙon amana ne kawai. Ka gafarta mini inda kwaɗayi ya rufe mini ido. Ka buɗe mini hanyar abinci da ba za ta bar 'ya'yana a kango ba. Ka tabbatar da salama a Birnin Gwari, ka warkar da ƙasarmu, cikin sunan Yesu. Amin.