Iyakar Haƙƙin Mai Bin Bashi: Fiƙihu, Dokar Hukuma da Halin Manoman Safo

Bashi yana daga cikin tsofaffin igiyoyin da suka ɗaure mutane da juna, domin babu al'ummar da kowa a cikinta yake samun abin da yake buƙata daidai lokacin da yake buƙatarsa, shi ya sa Bahaushe ya ce bashi hanji ne, yana cikin kowa. Malaman addini da masana shari'a ba su taɓa yin jayayya a kan wajabcin biyansa ba. Tambayar da ta daɗe tana ɗaukar hankalinsu ita ce inda haƙƙin mai bi yake tsayawa idan wanda ake bi ya gaza: shin haƙƙin ya rataya ne a kan dukiyar da mutum ya mallaka kaɗai, ko kuwa ya kai ga abincin iyalinsa, da gonar da yake ci daga gare ta, da jikinsa da mutuncinsa? Amsar tana da nauyi ta fuska biyu, domin al'ummar da ta bar mai bi ya yi yadda ya ga dama takan mayar da talaka bawa, wadda kuma ta bar kowa ya ci bashi ya kwanta takan wayi gari babu mai ba wani rance.

Ana ganin nauyin wannan tambaya sarai a Safo, ƙaramar hukumar karkara da ke gundumar Madarunfa, kudu da birnin Maraɗi, inda yawancin jama'a ke rayuwa da noman hatsi da dawa da wake da gyaɗa, da kuma lambuna a fadamar Gulbin Maraɗi. A irin wannan ƙasa bashi yana bin juyin shekara. Rumbuna kan yi ƙasa tun kafin damina ta kankama, farashin tiya, wato kwanon awon hatsi, yakan hau a daidai watannin da manomi ya fi buƙatar ƙarfin noma, zazzaɓin cizon sauro kuma yakan tsananta daga tsakiyar damina zuwa bakin kaka. Magidanci kan ci bashin hatsi ko na kuɗi a lokacin tsada da alkawarin biya da kaka, lokacin da farashi ya faɗi, sai ya zamana abin da zai fitar daga sabon amfanin gonarsa ya fi abin da ya karɓa nesa ba kusa ba. Yunwar 2005, wadda ta biyo bayan fari da farar ɗango na 2004, ta kuma fi tsanani a jihohi irin su Maraɗi, ta nuna yadda gida kan shiga sabuwar shekara alhali ya riga ya ci rabin kakarsa.

Fiƙihun Malikiyya, wanda ake karantawa a zaurukan ƙasar Hausa cikin littattafai irin su Risala ta Ibn Abi Zaid da Mukhtasar na Khalil, ya gina amsarsa a kan rarrabe mutum biyu da idon mai bi kan gani kamar ɗaya. Na farko shi ne mawadacin da yake da abin biya amma yana jan ƙafa, wanda ingantaccen hadisi ya kira jinkirinsa zalunci, kuma alƙali yana da ikon tilasta masa, har da tsare shi. Na biyu shi ne wanda ake kira mu'usiri, wato wanda ƙunci ya tabbata a kansa, wanda aya ta 280 ta Suratul Baƙara ta wajabta a saurara masa har ya sami sauƙi, ta kuma nuna cewa yafe masa ya fi alheri. Ko a babin taflisi, wato hukuncin da alƙali ke yi na raba dukiyar wanda bashi ya fi ƙarfinsa tsakanin masu binsa, malamai sun ce a bar masa tufafinsa da abin da zai ci da waɗanda ciyarwarsu ke kansa, sun kuma yi saɓani a kan sayar da kayan aikin mai sana'a. Wannan saɓani yana da ma'ana babba ga manomi, domin wanda aka raba shi da shanun huɗa ko amalanke an raba shi ne da hanyar da zai bi ya biya.

Dokokin hukumomi sun isa kusa da wannan matsaya ta wata hanyar daban, kuma bayan dogon lokaci. Faransa ta daina ɗaure mutane saboda bashin mu'amala da na kasuwanci a 1867, Ingila ta taƙaita hakan ƙwarai a 1869, sannan yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1966 kan haƙƙoƙin ɗan ƙasa da na siyasa ta hana ɗaure mutum don kawai ya kasa cika alkawarin da ya ɗauka a wata yarjejeniya. A Nijar, hanyoyin karɓo bashi ta kotu suna ƙarƙashin dokar bai ɗaya ta OHADA, ƙungiyar daidaita dokokin kasuwanci ta ƙasashen Afirka da aka kafa a 1993, dokar da aka zartar a 1998 aka kuma sabunta a 2023. Sashe na 39 na wannan doka ya ba alƙali damar ɗage biya ko rarraba shi har tsawon shekara guda, bayan ya auna halin wanda ake bi da buƙatar mai bi, in ban da wasu basussuka irin na ciyarwa. Haka kuma ƙasashen UEMOA, masu amfani da kuɗin sefa na Yammacin Afirka, sun sa wa kuɗin ruwa iyaka, inda a 2014 aka tsayar da kashi 15 cikin ɗari a shekara ga bankuna, da kashi 24 ga ƙananan cibiyoyin ba da rance. Musulunci bai halatta riba ba ko kaɗan, amma wannan iyaka tana nuna cewa ko dokar da ta yarda da kuɗin ruwa ta gane yardar mabuƙaci ba ta isa ta halatta kowane sharaɗi ba.

Sai dai mafi yawan bashin ƙauye ba ya zuwa gaban alƙali, ba a kuma rubuta shi, duk da cewa aya ta 282 ta Suratul Baƙara, wadda ta fi kowace aya tsawo a Alƙur'ani, ta yi umarni da rubuta bashi da kafa shaidu. Misali mafi bayyana shi ne jinginar gona, inda mai gona ke karɓar kuɗi ya miƙa gonarsa ga mai kuɗin, shi kuma ya riƙa nomawa har ranar da aka mayar masa da kuɗinsa. A Malikiyya, jingina tabbaci ne kawai na biya, kuma idan bashin na rance ne bai halatta mai riƙe da ita ya ci amfaninta ba, domin rancen da ya jawo wa mai bayarwa amfani ya shiga riba. Hikimar hukuncin a fili take, tunda wanda aka karɓe gonarsa ya rasa abin da zai fanshe ta da shi, jinginar sai ta daɗe har ta zama kamar sayarwa a farashin yunwa. Tsarin dokar karkara na Nijar na 1993 ya kafa kwamitocin filaye masu rubuta irin waɗannan mu'amaloli, abin da ke kare magada daga musu, amma rubutu shi kaɗai ba ya gyara sharaɗin da tun asali ya karkace.

Rashin lafiya ne ya fi yawan mayar da mai niyyar biya ya zama mai gazawa, kuma a nan ne maganar bashi ta haɗu da maganar haƙƙin ma'aikaci. Dokar ƙwadago ta Nijar ta 2012 ta ɗauki ciwon da likita ya tabbatar a matsayin dalilin dakatar da yarjejeniyar aiki na wani lokaci ba tare da soke ta ba, asusun inshorar ma'aikata na ƙasa, wato CNSS, kuma yana ɗaukar nauyin haɗurran wurin aiki ga ma'aikatan da aka yi wa rajista. Wannan kariya ba ta kai ga manomin da ke aikin gonarsa ba, balle ɗan barema, wato mai ƙwadagon yini a gonar wani, wanda ranar da ya kwanta ita ce ranar da gidansa bai sami komai ba. Babin ijara na fiƙihu, wato hayar aiki, shi ma ya ɗaura lada ne a kan aikin da aka yi, don haka bai ɗora wa mai gona biyan kwanakin jinya ba. Shari'a ta mayar da wannan nauyi wani wurin: a kan dangin da ciyarwa ta wajaba a kansu, da maƙwabta, da zakka, wadda aya ta 60 ta Suratut Tauba ta sanya waɗanda bashi ya danne cikin rukunoni takwas masu cin ta. Idan aka fitar da zakkar hatsi da kaka ba tare da an tuna da wannan rukuni ba, an bar ƙofar da addini ya buɗe musu a rufe.

Masu ba da bashi suna da hujjar da ta cancanci a saurara, cewa yawan sassauci yana kashe rance, kuma ɗan kasuwar da aka cinye masa jari bana ba zai taimaki kowa baɗi ba. Hujjar gaskiya ce, kuma ita ce dalilin da ya sa fiƙihu ya tsananta wa mawadaci mai jan ƙafa kamar yadda ya tausaya wa mai ƙunci. Abin da ya gudana a jihar Maraɗi kanta ya nuna cewa ana iya haɗa biyun. Ƙungiyoyin Mata Masu Dubara, waɗanda suka faro a wannan jiha a 1991 da tallafin ƙungiyar CARE kafin tsarin ya bazu zuwa ƙasashe da dama, sun dogara ne da zubin mako-mako da rancen da ake bayarwa a gaban kowa, a tsakanin matan da suka san halin juna. Haka nan tsarin ajiye amfanin gona a rumbun ƙungiya a matsayin jingina, a karɓi rance da kaka a biya bayan farashi ya tashi, yana juya sauyin farashi ya zama amfani ga manomi. Malamai suna da magana a kan ƙarin da ake ɗorawa a wasu daga cikin waɗannan tsare-tsare, kuma gyara shi aiki ne da ya kamata a yi tare da su.

Abin da ke fitowa daga duk wannan shi ne cewa adalci a babin bashi ya dogara ga sanin haƙiƙanin halin wanda ake bi, kuma wannan sani ba ya samuwa daga nesa. Doka tana iya shata iyakar da ba za a ƙetare ba, amma mai gari da liman da dattawan unguwa, waɗanda dokar Nijar ta amince wa sarakunan gargajiya a cikinsu da ikon sulhu, su ne suka san wanda gonarsa ta ƙi da wanda ya yi jinyar ɗansa wata biyu, su ne kuma suka san wanda ya ɓoye hatsi yana kukan babu. Saboda haka nauyin ya fi sauka a kansu: su ƙarfafa rubuta bashi da shaidu, su hana jinginar da ke cinye gona, su tilasta wa mai hali ya biya ko da babba ne, su kuma nema wa mai ƙunci jinkiri da kaso daga zakka. Mai bi yana da haƙƙi cikakke a kan dukiyar da ta wuce buƙatar rayuwar wanda yake bi, amma abincin yara da gonar da za a noma baɗi ba sa cikin abin da rance ke saya.