Godiya da Horar da Ƙwaƙwalwa

Zuciyar ɗan Adam ta fi riƙe ɓacin rai a kan daɗi. Ɗan kasuwa zai yi ciniki da mutum ashirin lafiya lau, ɗaya ya gaya masa baƙar magana a kan canjin naira ɗari, da dare ya kwanta yana ta juya maganar, sauran goma sha taran kuwa ko fuskarsu ba zai tuna ba. A 1979 Daniel Kahneman da Amos Tversky suka nuna cewa zafin asarar kuɗi ya fi daɗin samun kwatankwacinsu ƙarfi, sannan a 2001 Roy Baumeister da abokan aikinsa suka tattara bincike masu yawa da ke nuna haka abin yake a aure, abota da wurin aiki. Bayanin da masana suka fi bayarwa shi ne tsira da rai: wanda ya ga igiya ya zabura bai rasa komai ba, wanda ya ga maciji ya zaci igiya ne shi ke kwana a ciki.

Sabo ma na taka rawa. Ranar da aka fara samun ruwan famfo a gida, kowa murna yake. Bayan wata biyu ba mai tunawa da famfon sai ranar da aka murɗa aka ji iska.

Tambayar ita ce ko ana iya gyara wannan karkata. Tun 1949 Donald Hebb, masani ɗan Kanada, ya kawo ra'ayin cewa ƙwayoyin ƙwaƙwalwa da ke yawan aiki tare alaƙarsu na ƙara ƙarfi, kamar turbar da sawu ke fitarwa a gona. A 2000 Eleanor Maguire ta gano cewa direbobin tasi na Landan, waɗanda ke haddace titunan birnin, wani sashe na ƙwaƙwalwarsu mai riƙe taswirar wurare ya fi na sauran mutane girma. Wannan hujja ce cewa ƙwaƙwalwa na sauyawa da abin da aka sa ta yi a kai a kai, ko da yake masu sayar da littattafan samun farin ciki kan ja hujjar har inda ba ta kai ba.

Gwajin da ya fi kusa da batun godiya shi ne na Robert Emmons da Michael McCullough a 2003. Sun sa wasu ɗalibai rubuta abubuwa biyar da suke godiya a kansu kowane mako har mako goma, wasu kuma su rubuta abubuwan da suka dame su. Rukunin farko ya fi bayyana gamsuwa da rayuwa da kyakkyawan zato ga makon gaba. Rick Hanson, a littafinsa na 2013, ya ƙara da cewa lissafawa kaɗai ba ta isa ba, sai mutum ya tsaya ɗan lokaci yana jin daɗin abin kafin hankalinsa ya wuce.

A nan ne malaman Musulunci suka riga su nisa. Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya ware babi guda na haƙuri da godiya a Ihya'u Ulumiddin, inda ya ce godiya na tsayuwa ne a kan abu uku: sanin ni'ima da Mai ba da ita, farin cikin da sanin ke haifarwa a zuciya, da aiki da ni'imar ta hanyar da Mai bayarwa ke so. Sani ne farko, domin ni'imar da ba a lura da ita ba ba a gode mata. Suratur Rahman ta maimaita tambaya guda game da ni'imomin Ubangiji sau 31, kuma hadisi ya yi umarni da duban na ƙasa a abin duniya don kada a raina wanda ake da shi. Bambancin shi ne, a wurin Gazali godiya haƙƙin Allah ce, farin ciki na biyo baya, alhali a gwajin Emmons farin cikin ake aunawa.

Gaisuwar Hausa cike take da wannan horo. Ina aiki? Da godiya. Yaya ruwa? Ya yi gyara. Sai dai amsar kan fito kafin hankali ya iso, wato harshe ya furta, sani da jin da Gazali ya ambata ba su samu ba. Manomin da ya ce da godiya yana tuna buhunan geron da ke rumbunsa, da wanda ya faɗa don a rabu, ba abu ɗaya suka yi ba.

Horon yana da iyaka. Nazarin da aka yi daga baya ya nuna tasirinsa ba shi da yawa, kuma yana buƙatar ɗorewa. Ba ya nufin a yi shiru ga zalunci, ko a ce wa mai yunwa ya ƙirga ni'ima maimakon a ba shi abinci. Wanda kuma baƙin ciki ya danne shi makonni, barci da cin abinci suka gagare shi, ciwon damuwa ne ake zargi, kuma wurin likita ya kamata a kai shi.