Shaidar Hali: Mai Suna Ko Mai Sani?

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, duk mai neman aiki, ko shiga babbar makaranta, ko kuɗin taimakon karatu, akan buƙace shi ya kawo mutum biyu ko uku waɗanda za su rubuta takardar shaida game da halinsa da ƙwazonsa. To, a nan ne jama'a da yawa suke yin kuskure. Sai a ga saurayi ya bar malamin da ya karantar da shi shekara huɗu, ya je ya tare a zauren wani attajiri ko babban ma'aikaci wanda bai taɓa ganinsa ba, don kawai sunansa yana da nauyi. Shin wa ya fi cancanta ya rubuta, mai suna ko mai sani?

Abu na farko da ya kamata a gane shi ne, wannan takarda shaida ce, sharaɗin shaida kuwa sani. An ruwaito cewa a zamanin Sayyidina Umar ɗan Haɗɗabi, wanda ya yi halifanci daga 634 zuwa 644, wani mutum ya tashi zai tsarkake wani mai ba da shaida. Sai Umar ya tambaye shi ko maƙwabcinsa ne da ya san shigarsa da fitarsa, ko sun taɓa yin ma'amalar kuɗi, ko kuwa sun taɓa yin tafiya tare. Mutumin ya ce ko ɗaya. Nan take Umar ya yanke cewa bai san shi ba. Maƙwabtaka da ciniki da tafiya, a nan ne hali yake fitowa fili. Gaisuwar ƙofar masallaci ba ta isa ba.

Haka kuma a Suratul Ƙasas, lokacin da 'yar dattijon nan na Madyana ta shawarci mahaifinta ya ɗauki Annabi Musa aiki, ƙarfi da amana ta ambata, bayan ta ga yadda ya shayar musu da dabbobi. Abin da idonta ya gani ta faɗa.

Abu na biyu, sani kaɗai ba ya wadatarwa sai an haɗa da kuɓuta daga son zuciya. Littafin Risala na Ibn Abi Zaid Alƙairawani, wanda ya rasu a 996, ya bayyana cewa ba a karɓar shaidar uba ga ɗansa, ko ta abokin gaba a kan abokin gabarsa, kuma mutum ɗaya ba ya isa wajen tsarkake mai shaida. Saboda haka kawu da suruki ba su dace da wannan aiki ba, ko da sun fi kowa sanin yaron. Ba kowa ne zai iya abin da Aliyu ɗan Madini, malamin Imam Buhari, ya yi ba, wanda da aka tambaye shi game da mahaifinsa a fagen ruwayar hadisi sai ya ce mai rauni ne.

Watakila wani ya ce: ai masu ɗaukar ma'aikata suna duba sunan da ke ƙarƙashin takarda ne, ɗan talaka kuwa in bai raɓi babba ba sai a bar shi a baya. Wannan magana tana da ƙamshin gaskiya, domin neman alfarma a kan haƙƙi ba laifi ba ne. Suratun Nisa'i ta nuna cewa mai ceto kyakkyawa yana da rabo a ladansa, mai mummunan ceto kuma yana da kaso a zunubinsa. Amma ceto daban, shaida daban. Babban mutum yana iya roƙon a saurari yaro. Abin da ba ya halatta shi ne ya rubuta cewa ya san amanarsa alhali bai sani ba. Wannan shi ne shaidar zur, wadda hadisin Buhari da Muslim ya lasafta cikin mafi girman zunubai. Wanda ya roƙi a rubuta masa ita kuwa ya yi tarayya a laifin.

Ɓarnar ma ba ta tsaya ga su biyu ba. Idan takardar ƙarya ta sa aka damƙa baitulmali ko ɗakin magani ga wanda bai cancanta ba, an zalunci wanda ya cancanta, an kuma cuci jama'ar da za su shiga hannunsa.

Don haka mai nema ya tafi wurin malamin da ya duba jarrabawarsa, ko maigidan da ya yi wa aiki, ko wanda ya taɓa ba shi ajiya. Ya nemi izininsa tun da wuri, ya gaya masa irin aikin da yake nema, kada kuma ya tsara masa abin da zai rubuta. Idan ya ba da uzuri, kada a riƙe shi a zuci, gama wanda ya ƙi rubuta abin da bai sani ba tsoron Allah ya yi. Shi kuma marubucin ya tuna cewa za a tambaye shi kowane layi ranar gobe ƙiyama.

Allah Ya sa a dace, amin.