Baƙon Kuɗi da Baƙon Allah

'Yan'uwa masu karatu, wata tambaya muka ɗauko daga hamadar ƙasar Jodan, muka ga ya dace mu ajiye ta a gabanku: shin ana sayar da karamci?

Ƙauyen Rum yana cikin Wadi Rum, kimanin kilomita 60 gabas da Aƙaba. Mazaunansa Badawiyyai ne, wato Larabawan daji, galibinsu 'yan ƙabilar Zalabiya. Kakanninsu makiyayan raƙuma da awaki ne, masu kwana a tantin gashin akuya da matansu ke saƙawa. A al'adarsu baƙo yakan yi kwana uku ba a tambaye shi abin da ke tafe da shi ba. Maigida zai soya gahawa, ya daka a turmi, ya fara kurɓa da kansa don baƙo ya saki jiki, sannan ya miƙa masa da hannun dama. In ta ishe shi sai ya girgiza finjali. Dalilin wannan a fili yake: a hamada, wanda aka hana wa masauki ƙishirwa ce ajalinsa, kuma mai masaukin yau shi ne matafiyin gobe.

A 2008 hukumar UNESCO ta sa al'adun Badawiyyan Petra da Wadi Rum cikin jerin gadon ɗan Adam, a 2011 kuma ta sa shi kansa kwarin. Da muka isa, mun tarar da masu yawon buɗe ido daga ƙasashe dabam-dabam. Hawan raƙumi da kuɗinsa, kwanan tanti da kuɗinsa, haka ma zarb, naman da suke gasawa a rami ƙarƙashin yashi. Wani daga cikinmu ya ce: "Wannan ai wasan kwaikwayo ne, karamci ya mutu." Wani ya amsa masa: "To me kake so su ci? Ko so kake su zauna da yunwa don al'ada ta burge ka?"

Da muka yi tunani sai muka ga amsar tana gidanmu. Mu 'yan zango ne, kuma asalin zango masaukin ayari ne. A Salaga da Kumasi, maigida yakan sauki fataken goro da na shanu, ya ciyar da su, ya ajiye musu kaya, ya nemo musu masu saye, sannan ya karɓi la'adarsa. Ba wanda ya kira shi marowaci. Me ya sa? Domin zauren da falke ya kwana, nan almajiri ya kwana, nan wanda guzurinsa ya ƙare ya kwana, ba a nemi ko anini daga gare su ba.

Ashe ke nan karɓar ladan aiki ba ya kashe karamci. Abin da ke kashe shi shi ne ido ya koyi auna aljihun baƙo kafin baki ya ce masa maraba. Baƙon kuɗi ya biya, halal ne. Amma ma'aunin gida shi ne baƙon Allah, wanda ba shi da abin biya.

Saboda haka kafin mu yi wa Badawiyyai hukunci, mu dubi kanmu. Yau saurayi zai sauka a tashar mota a Accra ko Kumasi da jakarsa, bai san kowa ba, ya yi mako yana kwana a barandar masallaci. Mu nawa ne muka tambaye shi ko ya ci abinci? Iyayenmu sun ce baƙonka Annabinka, kuma da yawansu a baƙunta suka zo ƙasar nan, wani ya buɗe musu ƙofa.

Allah Ya sa mu gaji abin da suka bari. Wassalam.