Ko Akwatin Talabijin Ya Iya Koya Wa Yaro Tausayi?

Ya ku iyaye, wannan tambaya ta iso ƙofar kowane gida. A 1959 aka fara talabijin a Ibadan, a 1962 kuwa a Kaduna. Yau ga shi har a Dangoma da sauran ƙauyukan Kalgo, cikin ƙasar Gwandu, yara su kan taru da dare su kewaye waya guda suna kallon fim. Waɗansu iyaye sun ce abin ɓata yara kaɗai ya sani. Waɗansu sun ce ai wasa ne, ba kome. Dukansu ba su faɗi gaskiya duka ba.

Yaro mai kwaikwayo ne. A 1963 Albert Bandura, wani malami a Amurka, ya nuna wa yara fim na mutum yana dukan 'yar tsana. Da aka ba su irinta, da yawa suka yi ta dukanta. Amma alheri ma a kan kwaikwaye shi. A 1975 waɗansu masu bincike suka nuna wa yara fim na Lassie, inda wani yaro ya ceci ɗan kwikwiyo. Daga baya, da yaran suka ji kukan kwikwiyo, waɗanda suka ga ceton suka fi sauran barin wasan neman kyauta domin su nemi taimako. Masu shirin Sesame Square, wanda NTA ta fara nunawa a 2011, sun dogara ga wannan hali na yara.

To, ashe mu bar wa akwatin renon 'ya'yanmu ke nan? A'a. A cikin 1975 ɗin, Friedrich da Stein suka iske cewa yaran da aka sa su maimaita labarin alheri da wasan kwaikwayo bayan kallo, tare da babba, sun fi ba da taimako a aikace, balle maza.

Kakanninmu sun san wannan. Tsohuwa mai tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi ta san jikan da ke da rowa, a kansa ta kan kafa ido sa'ad da haɗamar Gizo ta kā da shi. Akwatin bai san sunan ɗanka ba, ba ya kuwa tambayarsa kome. Gani ya kori ji, amma gani bai kai yi ba. Firist da Balawe ma, cikin misalin Basamariye, sun ga mai rauni sarai, suka wuce.

Saboda haka, uba, ka zaɓi abin da za a kalla a gidanka. Uwa, ki zauna tare da su, ki tambaye su wa ya yi daidai, don me. Da gari ya waye kuwa, ku aiki yaron ya ɗebo wa tsohuwar maƙwabta ruwa, ko ya kai wa masu gayya fura a fadamar shinkafa. Icce tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi, hannunku kuwa aka ba wannan aiki.