"Ku Kuka Same Mu": Rigaye Na Halatta Cutar da Maƙwabci?

Akwai wani asibitin kuɗi a unguwarmu da ke ƙona shararsa da asuba a wani ɗan ɗakin bulo mai gajeren bututu: sirinji, ledar ƙarin ruwa, safar hannu, audugar da ta sha jini. Mata kan kwashe shanya su rufe tagogi, yara su tafi makarantar allo suna tari. Da dattawa suka kai koke, sai mai wurin ya ce: "Baba, ku yi haƙuri. Lokacin da muka yi ginin nan duk gonaki ne. Ku kuka same mu."

Maganar ba ta rasa madogara ba. Malaman Malikiyya sun daɗe da tattauna hayaƙi. Shehu Halil a Muhtasar ya kawo cewa alƙali na hana hayaƙin gidan wanka da warin majema idan suna cutar da maƙwabta. Ibnu Rami, wani magini da ya rayu a Tunis a ƙarni na 14, ya rubuta littafi guda kan hukuncin gine-gine da irin wannan rigima. Kuma da yawansu sun sassauta wa wanda ya riga kafa sana'arsa, suka tsananta wa sabon zuwa.

To amma wane hayaƙi suka sani? Na itace, wanda ke baƙanta bango ya sa ido hawaye, iska ta kaɗa ya wuce. Wanda ya gina gida kusa da gidan burodi ya ga abin da idonsa, ya yarda. Roba mai sinadarin kulorin kuwa, idan ta ci wutar da ba ta kai zafin digiri 850 ba, tana fitar da gubar dayoksin, wadda ke sauka a ƙasa, kaji su tsattsage ta, ta taru a kitse, ta bi ƙwai da nonon uwa. A 2019 an gwada ƙwan kajin Agbogbloshie a Akara, inda a lokacin ake ƙona wayoyin lantarki don cire tagulla, aka tarar dayoksin da ke cikin ƙwai ɗaya ya ninka abin da hukumar abinci ta Turai ta amince mutum ya ci a rana sau 220.

Yarda ba ta inganta sai da sani. Wanda ya sayi fili bai san da wannan ba, balle jaririn da ke shan nono, wanda ba a yi cinikin da shi ba. A ganina rigaye na ba mutum haƙƙin ƙasarsa, amma iska ba a yanka ta fuloti-fuloti, kuma kare rai na gaba da kare dukiya a Shari'a. Abin ya fi ciwo a unguwarmu da yake masu warkarwa ne ke ƙona sharar.

Limamanmu, kun yi mana huɗuba a kan maƙwabcin da ya kwana da yunwa. Ku yi mana a kan wanda ya kwana yana shaƙar guba.