Rabon Magani: Alheri Ne Ko Cuta?

Wata gwaggona da ke zaune a wani ƙauyen Hausawa kusa da Mai Wurno, a bakin Kogin Nilu Shuɗi, ta kira ni a waya bayan yaƙi ya ci Wad Madani a watan Disamba na 2023. Jikanta ya kamu da ciwon huhu, da ƙyar aka samo masa amoksisilin na kwana biyar a saidaliyya, kamar yadda suke kiran kantin magani a can. A rana ta uku zazzaɓi ya sauka. A ranar kuma ɗan maƙwabciyarta ya kwana yana tari. Sai ta kwashi sauran maganin ta miƙa mata ta kan danga.

Ta ce da ni, “Ɗana, ai ba na ci in hana maƙwabci. Ko na yi laifi?”

Shekara da shekaru ina faɗa a rediyo cewa a shanye magani yadda likita ya ce. Ranar nan sai na rasa ta cewa.

Mutanen da suka baro ƙasar Hausa bayan yaƙin Burmi a 1903, suka bi Muhammadu Bello Mai Wurno har Sudan, da rabo suka rayu: a raba hura, a raba ruwa, a raba inuwa. Wa zai ce wa jikanyarsu rabo laifi ne?

Amma magani ba hura ba ne. Rabin ƙwaryar hura yakan rage yunwar mutum biyu, rabin magani kuwa yana iya barin su duka biyun da ciwo. Saukar zazzaɓi ba shaida ba ce cewa ƙwayoyin cutar sun ƙare. Shi kuma ɗan maƙwabciya, idan mura ce kawai ke damunsa, maganin ba zai taɓa ta ba, sai dai ya koya wa ƙwayoyin da ke jikinsa jurewa. Tun a 1945 Alexander Fleming, wanda ya gano fenisilin, ya yi wannan gargaɗi. An ƙiyasta cewa a 2019 kaɗai, ƙwayoyin da suka daina jin magani sun kashe mutum miliyan 1.27 a duniya.

Manomin Jazira ya san wannan darasi. Tun da aka gama madatsar Sannar a 1925, ruwa bi da bi yake zuwa gona. Wanda ya buɗe wa abokinsa ruwa ba a ranarsa ba, alheri ya yi, amma na ƙarshen magudana ne zai biya, kuma bai ma san fuskarsa ba. Ƙarfin magani haka yake, na kowa ne, har da jaririn da ba a haifa ba.

To, gwaggo ta yi laifi? A ganina ta yi kuskure, amma nauyinsa ba ya kanta. Yana kan wanda ya tare hanyar magani da bindiga, da mai sayar da kafso biyu-biyu a tire alhali ya san illarsa, da mu masu makirufo da muka iya cewa “kada a raba” ba mu faɗi abin da za a yi ba.

Akwai kyautar da rabo ba ya rage ta, ita ce riga-kafi. Yaron da aka yi wa allurar ƙyanda ya kare kansa, ya kuma kare na bayan danga. Ko a tsakiyar yaƙi, a Nuwamban 2024, Sudan ta fara riga-kafin zazzaɓin cizon sauro a jihohin Gadarif da Nilu Shuɗi.

Da na sake kiranta, cewa na yi, “Gwaggo, gobe idan ɗan maƙwabciya ya yi tari, ki ba ta kuɗin mota, ki raka ta wurin ma'aikacin lafiya. Maganin jikanki kuwa ki bar masa abinsa.” Ta yi shiru, sannan ta ce, “In akwai motar.”